Ga Mai Auna Mutane da Takardar Sakamako

Tun da sakamakon WAEC ya fito, wani ɗan'uwa a cikin Ubangiji ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya ba shi, wato auna darajar 'yan ajinmu da yawan kiredit da makin JAMB, yana raba mu gida biyu: waɗanda suka yi gaba, da waɗanda, a faɗarsa, suka fake da aikin Allah domin boko ya gagare su. Ban kama suna ba, ba kuwa zan kama ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Duk wanda ya halarci sujadar godiya ta ɗaliban da suka kammala sakandare ya ga abin da ya faru. An ba kowa dama ya yi gajeriyar shaida, amma da abin magana ya shiga hannun wani, sai ya zaro takarda daga aljihu ya shiga karanto mana darussa ɗaya bayan ɗaya, yana dakatawa bayan kowace A1 domin a tafa masa, har sai da dattijon da ke jagorantar sujada ya fara duban agogo. Ya ambaci kwas ɗin da zai karanta da irin motar da zai saya wa mahaifiyarsa, ya ɗaga ambulan ɗin baikonsa sama yadda na bencin baya ma za su ga kaurinsa, sunan Yesu kuwa bai fito daga bakinsa ba sai a jimlar ƙarshe, lokacin da yake miƙa abin maganar. A ƙofar majami'a ne ya tambayi mutane, da murya mai ƙarfi, ko wa'azi yana sayen buhun masara.

To, ga amsa, tun da an nema. Na zaɓi in tafi Kagoro in koyi aikin bishara, ban kuwa zaɓa don an rufe mini wata ƙofa ba. Fastonmu da iyayena sun ga takardata, ganinsu kuma ya ishe ni. Manzo Bulus ya tambayi Korantiyawa abin da suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba, in kuwa karɓa suka yi, don me suke fariya kamar ba kyauta ba ce. A sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa ya ce kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi, ya kuma kafa hujja da Almasihu wanda ya ɗauki surar bawa. Waɗannan ayoyi tare muka haddace su a taron FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta makarantu, wani ma har kyauta ya karɓa a kansu, sai dai da alama haddar ta tsaya a leɓe.

Mai ganin cewa aikin ikilisiya mafakar ragwaye ce, ya nemi labarin Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ikilisiyar ECWA a 1967, ya yi digirin digirgir a Dallas ta Amurka, ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka baki ɗaya kafin rasuwarsa a 1975 yana da shekara 39. Ilimi bai hana shi hidima ba. Ni ma ba na gāba da jami'a, ina kuma yi wa abokanmu da za su zama likitoci da lauyoyi addu'a da zuciya ɗaya, domin akwai wadda ta fi kowa maki a ajinmu, amma har yau ita ce take share majami'a ranar Asabar, ba ta taɓa ɗora sakamakonta a Facebook ba.

Akwai tambayar da na daɗe ina haɗiyewa, wato dalilin da ya sa wani ya bar makarantarmu a zangon ƙarshe, ya je ya yi rajistar jarrabawa a wani ƙauye mai nisa inda ba shi da dangin iya balle na baba, ya dawo da A1 a lissafin da muka san yadda suke da shi tun aji ɗaya. Ba zan yi ta ba, domin ba ni aka naɗa alƙali ba.

Ranar Lahadi mai zuwa ikilisiya za ta yi mini addu'ar sallama, Zumuntar Mata kuma za su dafa abinci. Muna neman samari masu ɗauko benci da wanke kwanuka bayan taro, kuma sakataren matasa ya tabbatar mini cewa har yanzu akwai gurbin mutum ɗaya a wajen wanke tukwane.