Mastar muhalli: Yamai ko Turai, a fara lissafa damina

Duk shekara idan lokacin ajiye takardun bursi ya zo, tambaya ɗaya ce ke fitowa daga ƙannenmu na Yamai da Tawa da suka gama lisansi a fannin noma, labarin ƙasa ko ilimin halittu: a yi mastar kula da muhalli a gida, ko a yi ta fafutukar fita? Daga nan Beljiyam inda nake zaune, ra'ayina shi ne wanda zai nemi abincinsa a Nijar ya yi shekara biyunsa a gida, daga baya ya fito ya ƙaro abin da ya san ya rasa. Dalilina na farko lissafin watanni ne.

A takarda tsarin ɗaya ne: zango huɗu, kiredi 120, zangon ƙarshe na istaj da rubuta memuwar. A Yamai akwai CRESA, cibiyar koyar da ƙwarewa a fannin noma, a tsangayar noma ta Jami'ar Abdou Moumouni, akwai cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma, ruwa da yanayi, da aka kafa a 1974 ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, Maraɗi ma tana da tsangayar noma da kimiyyar muhalli. A waje akwai Jami'ar Senghor a Iskandariya, da reshen Jami'ar Liège da ke Arlon, mai kwas ɗin ƙwarewa na shekara ɗaya ga wanda ya riga ya riƙe mastar. To amma a nan Beljiyam ana shiga aji tsakiyar Satumba, a miƙa memuwar wajen Yuni, ko Agusta ga wanda ya makara. A Adar kuwa ruwa ba ya zama sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, ciyawa ba ta gama girma sai ƙarshen Satumba. Ɗalibin da ya zaɓi auna amfanin rabin wata, ramukan da ake haƙawa don tare ruwan sama a raya fako, a tsaunukan Keita yana karatu a Turai, tsakanin Fabrairu da Afrilu zai sauka. Ya tarar da fili fayau, dabbobi sun lashe abin da ya zo aunawa, sai ya koma ga takardar tambayoyi da hoton tauraron ɗan'adam. Ƙari kuma, jami'o'in nan ba su cika sa hannu a kan tafiyar ɗalibi zuwa yankin da taswirarsu ta tsaro ta shafa wa ja ba, kuma ba Tillia da Tassara kaɗai jan ya rufe ba.

Na gida yana da damina biyu a hannunsa. Abin takaici, da yawa suna ɓarar da ta farko suna jiran sai zangon ƙarshe su nemi malamin da zai duba aikinsu. Yajin aiki da shekarun karatu masu hawa kan juna na iya mai da shekara biyu ta zama uku, wannan gaskiya ce, kuma ita ce babbar hasarar karatun gida. Amma wanda ya tsai da jigonsa tun watannin farko, ya kafa filayen awonsa kafin shuka, jinkirin ma ribar damina ta uku ce gare shi.

Awon kansa nan ake yawan faɗuwa. Rabin wata mai faɗin mita 4, ana haƙa kamar 313 a hekta. Kowane rami bai wuce murabba'in mita 6 da ɗoriya ba, ke nan duka ramukan kashi ɗaya cikin biyar na filin suka ci. Sai ka ga ɗalibi ya aza katakon awonsa na mita ɗaya cikin ramin, inda ciyawa ta yi dum, ya yanke, ya ninka da 10,000, ya rubuta cewa hekta ta ba da kaza. Ya ninka gaskiya kusan sau biyar. Dole a auna cikin rami, a auna tsakanin ramuka, a kuma sami fako na kusa mai gangara iri ɗaya wanda ba a taɓa ba, don a san abin da aikin ya ƙara. Ciyawar a auna ta ɗanya, a ɗebi kaɗan a busar a tanderun labo a zafin digiri 70 har nauyi ya daina raguwa, da busasshen nauyi ake lissafi. Hatsi kuma manomi da dami yake ƙirga shi, kuma damin Illela ba lalle ya yi daidai da na Bouza ba. A sayi damma goma a kowane gari, a sussuke, a auna tsaba. Tiyar hatsi tana kai kilo biyu da rabi, amma ita ma a ɗora ta a sikeli, don wani cika yake har ta yi tozo.

Inda Turai ta yi mana nisa, ba a musu. Ana koyar da manhajar taswira QGIS da manhajar lissafi R da ƙididdiga da hannu a kan kwamfuta, mujallun bincike a buɗe suke, malami yana maido gyara cikin kwanaki, labo kuma ba ya jiran kuran. Ruwan rijiya da za a nemi ƙwayoyin cuta a ciki sai ya zauna a digiri 4 ya kuma isa labo cikin awa 24. Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, ƙanƙarar akwati ta narke tun kafin Dogon Dutsi, sakamako ya tashi aiki. Sai dai kayan aiki ba sa maye sanin daji. Hoton tauraron ɗan'adam Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo mita 10, amma tohon sabara da kalgo da manomi ya bari a sassaben zamani bai kai ya fito a ciki ba. Gawo kuma da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda bai san haka ba zai ɗauki hoton Agusta ya ce gonar ba itace.

Sai maganar aiki. Da yawa daga masu wannan digiri a Nijar da binciken tasirin ayyuka kan muhalli da jama'a suke cin abinci, abin da ake kira EIES: hanya, madatsa, gidan mai, ma'adini, filin noman rani. Tushensa dokar 98-56 ta 1998, da dokar 2018-28, da dikirin 2019-027 mai raba ayyuka rukuni A zuwa D. Mai aiki ya kai sanarwa ga BNEE, ofishin ƙasa mai tantance tasiri kan muhalli, a tantance rukuni, a amince da sharuɗɗan bincike, a fita fili, a saurari jama'a, a zauna taron duba rahoto, sannan minista ya ba da takardar shaida, a kuma bi sawun alkawuran da aka rubuta cikin PGES, tsarin kula da muhalli da jama'a na aikin. Idan kuɗin Bankin Duniya ne, ƙa'idojinsa goma da suka fara aiki a 2018 suna hawa sama. A ajin Turai dokokin Tarayyar Turai za ka sha, da Natura 2000, wato wuraren halittu da Tarayyar ta keɓe, da gyaran ƙasar tsofaffin masana'antu. Ba wanda zai koya maka kundin dokokin karkara na Nijar na 1993, ko aikin kofo, wato kwamitin kula da filaye, ko abin da ke faruwa idan furoje ya raya fako: filin da shekara talatin ba mai kallonsa, ranar da ciyawa ta fito sai magada su bayyana, makiyayi kuma ya ce burtalinsa ne. Rahoton da bai sami takardar kofo kafin a sa diga ba, rigima ya shuka. Taron jin ra'ayi ma sana'a ce. In an tara gari a ƙofar maigari, dattawa ne za su yi magana. Mata masu itace da ɗiban ruwa sai an zauna da su daban, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak, ba da takardar Faransanci da ake fassarawa a tsaye ba.

Wanda zai shiga makarantar kuɗi a Yamai ya nemi ganin shaidar CAMES, majalisar Afirka mai amincewa da digirori, ta wannan digirin kansa, ba ta makarantar a dunƙule ba. Mai son Faransa kuma ya tuna an rufe ofishin jakadancinta a Yamai a Janairun 2024.

Akwai waɗanda zan ce su fita kai tsaye: mai son sinadaran gurɓata ruwa da ƙasa, mai son lissafin hasashen yanayi, da mai son aikin rufe mahaƙa irin ta yuraniyom ta kamfanin COMINAK da ta tsaya a Maris 2021, don na'urorin wannan karatu sun fi samuwa a waje. Saura su gama a gida, su zo kwas na shekara ɗaya ko dokta da awon damina biyu a cikin Excel, kowane fili da lambar GPS ɗinsa, da ranar yanka, da nauyin ɗanye da na busasshe.