Wahalar da Shiffrin ta sha kafin nasara ta 100

Na karanta wani rahoto kan nasara ta 100 da Mikaela Shiffrin ta samu a gasar cin kofin duniya ta tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, sai dai a ganina an taƙaita wuyar da ta sha kafin ta kai ga hakan. A ranar 30 ga Nuwamban 2024, a Killington da ke Amurka, ita ce ke kan gaba bayan zagayen farko, 'yan ƙasarta sun yi cincirindo a gindin dutsen suna jiran ganin tarihi, sai ta faɗi ta yi ta gangarawa har ta daki ragar kariya, wani abu ya huda mata gefen ciki. An yi mata tiyata, ta shafe wata biyu tana jinya, kuma da ta dawo a Courchevel ta Faransa, ta goma ta zo.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne yadda ta fito fili a gasar zakarun duniya ta Saalbach da ke Ostiriya ta ce har yanzu fargabar faɗuwar ba ta sake ta ba, ta janye daga irin tseren da ta ji rauni a cikinsa, alhali kambunsa yana hannunta. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. Duk da haka ita da 'yar ƙasarta Breezy Johnson sun ci zinare tare a tseren haɗin gwiwa na wannan gasar.

A Sestriere ta Italiya ma, ranar 22 ga Fabrairun 2025 ta kasa tsallakewa zuwa zagaye na biyu, washegari kuwa ta lashe tseren silalom (na kewaya sanduna da aka jera kusa-kusa), wanda shi ne nasararta ta 100, ta kwanta a kan ƙanƙarar, sannan hawaye suka zubo mata.