Ruwan Dilimi ba namu kaɗai ba ne

Jiya da yamma na tsaya a bakin Dilimi ina kallon leda da bola sun cika rafin, ga baƙin man gareji yana bin gefe. Wallahi raina ya ɓaci. Da yawanmu a Jos mun ɗauki Dilimi tamkar kwata ce da ta ratsa gari. Alhali ruwan nan in ya gangara ƙasar Bauchi shi ke shiga kogin Bunga, ya zama Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja a fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Mu ne a bakin tulun, su kuma can ƙasa abin da muka zuba suke sha.

Mutanen fadamun nan sun fi mu sanin ruwa nesa ba kusa ba. Da damina kogi ya malala, masunta su shiga, shinkafa ta tashi. Ruwa ya fara ja, manomi ya bi danshi ya shuka wake. Ya kwashe, makiyayi ya kora shanu su ci abin da ya rage, su bar taki. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa. Gida guda ma sai ka tarar da koma da fartanya da 'yan awaki, in wannan ya ƙi wancan ya rufa asiri. Da irin wannan dabara suka tsallake farin 1973 da na 1984, shekarun da Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke har ya rabu gida biyu.

Abin da fari bai karya ba, hannunmu ya taɓa shi. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a kan rassan kogin Haɗeja. Kano ta samu ruwan sha da noman rani a Kadawa, ba na raina wannan ko kaɗan. Amma ambaliyar da ake jira da lokacinta ta ragu, ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan rani da damina, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki ya yi sheƙa a ciki yana cinye hatsi. Wani gari ruwa ya kwanta a gonakinsa, wani ko ɗigo bai kai masa.

Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar Kafin Zaki da ake son ginawa a kan Jama'are gabana ke faɗuwa. Jama'are ce ta rage tana kawo ambaliyarta yadda Allah ya tsara. Kafin a tare ta, a je Gashuwa da Geidam can bakin Komadugu Yobe a zauna da masunta da manoma da makiyaya, a ji ta bakinsu, ba a otal a Abuja ba.

Ni dai ranar Juma'a bayan an sauko zan sami mai unguwarmu kan bolar da ake juyewa bayan layinmu. 'Yan Gangare da Rikkos, wa zai raka ni?