Darasin kasuwanci ba ya kama yaro sai ya riƙe kuɗi

Ina roƙon malamai da shugabannin makarantun sakandare su sake duba yadda ake koyar da kasuwanci. Ɗan shekara 15 da ya haddace ma'anar jari da riba don cin jarrabawa ba ya tashi da sha'awar komai. Sha'awar tana shigarsa ne ranar da baƙon da bai san shi ba ya zaro kuɗi ya sayi abin da ya yi da hannunsa.

Hanyar kuwa sananniya ce. Ƙungiyar Junior Achievement, da aka kafa a Amurka a 1919, da ƙungiyar Young Enterprise, da aka kafa a Ingila a 1962, suna sa ɗalibai su kafa ƙaramin kamfani, su tara jari, su yi ciniki cikin shekarar karatu, a ƙarshe su rufe shi su raba abin da ya rage. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan ɗaliban Sweden ya nuna waɗanda suka bi wannan tsari sun fi buɗe nasu kamfanin bayan sun girma.

Kada rukuni ya wuce mutum 6 zuwa 8, in ya wuce, biyu ke aiki sauran na kallo. A fitar da ma'aji, da mai sayayya, da mai neman masu saye. Kafin a taɓa jari, su tambayi aƙalla mutum 20 ko za su saya, kuma a kan nawa.

Sai littafin shiga da fita, wanda a ganina shi ne zuciyar darasin. Layi huɗu ya isa: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Duk ƙarshen mako ɗalibai biyu su zube kuɗin a kan tebur su ƙirga, a gwada da littafi. Nan ne yaro ke gano cewa sun yanka farashi sun manta kuɗin sufuri, da na abin ƙunshe kaya, da kayan da suka lalace. Nan kuma ake ganin bashin da aka bai wa abokai, wanda shi ya fi cinye uwar kuɗi, don yaro yana jin nauyin tambayar abokinsa.

Abu biyu ke kashe tsarin. Iyaye su saye kayan duka don tausayi, yaro ya ɗauka ciniki ya yi. Ko malami ya karɓe aikin saboda ana neman kofin gasa.

Maki kuma kada a ɗora shi a kan riba. Rukunin da ya faɗi amma ya iya nuna a wane mako kuɗin ya zurare, da dalilinsa, ya fi cancantar maki a kan wanda ya ci riba littafinsa babu komai.