Ranar da na nemi ƙarin albashi duk Sabon Tasha ta ji

Shekara tara kenan makullan cocinmu suna aljihuna, amma in ka tambayi 'yan ikilisiya menene aikina kowa da amsar da zai baka. Yaran makarantar Lahadi Baba mai shara suke ce min, 'yan kwaya masu waƙar coci sun sanni da mai janareto, matan zumunta kuwa "wannan bawan Allah" nake a wurinsu duk ranar da suke son a sauke musu tukunya daga murhu. A takarda dai an rubuta mai kula da majami'a. Abinda hakan ke nufi a aikace shine in an shigo an ga wuri fes sai ace Allah ya yi aikinsa, in an ga datti kuma sai ace ina mutumin nan.

Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi saboda addu'ar safe, in buɗe ƙofa, in buga tsohon ƙarfen tayar motar da muka rataye a bishiyar mangwaro wanda shine ƙararrawarmu, in share, in goge benci. Wanda bai taɓa goge benci sittin a lokacin hunturun Kaduna ba bai san wahala ba, kana gama na ƙarshe na farko ya sake yin fari kamar ba'a taɓa shi ba. Ga cingam da yara ke liƙawa a ƙarƙashi, ga shinkafar biki duk Asabar, ga bayi wanda bazan yi bayaninsa ba saboda wataƙila wani yana cin abinci yana karantawa. Har kajin Mama matar Pasto ni nake korawa daga kan bagadi, kuma sun sanni sosai, basa ko gudu.

Albashina dubu 25. An yanka min shi ne a 2019, lokacin da El-Rufai ya fara biyan ma'aikatan jiha mafi ƙarancin albashi na dubu 30. Na tuna a lokacin na yi ƙarfin hali na tambayi Baba Ma'aji ina sauran biyar ɗin, sai ya dafa kafaɗata yace ɗana an ajiye maka ita a sama, inda asu da tsatsa basa ci. Nace amin, me zan ce.

Toh sai ga ranar 29 ga Mayu 2023, Tinubu yace tallafin mai ya tafi. Ni ba sai an bani labari ba domin ni ke ɗaukan jarka zuwa gidan mai. Litar da nake saya ƙasa da naira 200, kafin sati ya zagayo ta haura 500, daga baya ma ta tsallake 1000. Kuma duk sanda mai ya tashi dattawa zasu zauna a ƙara kuɗin janareto ba gardama, ko addu'ar buɗewa ba'a tsawaitawa. Na ƙirga da kaina, sau uku aka yi wa janareto ƙarin albashi, ni da nake jan igiyarsa har kafaɗata ta goce ko sau ɗaya. Akwai ranar da na tsaya ina kallonsa nace kai dai ka dace, kana yin tari kowa ya rikice.

Da aka shiga 2024 gwamnatin tarayya ta kai mafi ƙarancin albashi dubu 70, Uba Sani yace shi a Kaduna 72 ne, kuma tsautsayi ya sa uwargida ta ji a rediyo tana cikin dama kunun sayarwa. Ta ajiye muciya tace Baban yara, dubu 72 fa. Nace na ma'aikatan gwamnati ne. Tace su ma'aikatan Allah a wace kasuwa suke sayen masara, ko akwai wata Kasuwar Barci daban da ake muku ragi? Tace bakinka a gida kawai yake aiki, in ka ga Pasto sai ka koma kamar kazar da ruwa ya buga. Gaskiya ta faɗa amma ai ba'a gaban yara ba.

Na kwana uku ina neman ayar da zan tafi da ita, na samu Luka 10:7 inda aka ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, na haddace tsaf. Ranar Talata na samu Baba Pasto a ofis na durƙusa na gaishe shi, na tambayi Mama da yara da kaji, sannan na saki ayar. Kuskurena kenan, na manta mutumin da na je wa da aya guda ɗaya shekaru ya yi a makarantar tauhidi. Ya yi murmushi ya cire tabarau yace ɗana ka san Zabura 84:10? Nace a'a Baba. Yace mai zabura cewa ya yi gara masa ya zama mai tsaron ƙofa a gidan Allahnsa, kai kujerar da wani yake roƙo kake kai. Na so ince Baba shi mai zabura ya faɗi nawa ake biyansa, amma bakin ya ƙi buɗuwa. A ƙarshe dai yace shi ma ɗan albashi ne kamar ni, kuma wannan gaskiya ne, na san watannin da nasa ma sai an haɗa da baikon sati biyu, wato kuɗin da ake tarawa a coci, yace in rubuta takarda zuwa ga dattawa.

Na biya ɗari biyar aka buga min takarda a kwamfuta na kai wa Sakatare. Sakatare yace maganar Ma'aji ce, Ma'aji yace maganar kwamitin kuɗi ce, kwamitin kuɗi kuma ba zai zauna ba sai bayan godiyar kaka, bayan godiyar kaka aka ce ai Kirsimeti ta matso. Wata na huɗu ina share ofishin Sakatare sai na ga teburinsa da ya daɗe yana rawa ya daina, na duƙa in ga wane kafinta ne ya yi wannan aikin kirki, ashe takardata ce aka ninke gida takwas aka tokare ƙafar da ita. Na zaro ta na karkaɗe na ɗora masa a kan tebur, teburin ya ci gaba da rawarsa. Ina jin rawar ce ta dame shi, domin a satin aka ce in bayyana gaban dattawa ranar Asabar.

Yanzu ga inda abin ya lalace. Juma'a da yamma matan zumunta sun gama koyon waƙa sun watse, ni kaɗai na rage, na tada janareto in gwada shi saboda bikin gobe, sai zuciyata tace tunda ba kowa me zai hana ka gwada jawabinka. Na hau mumbari na ɗauki makirfo. Abinda ban sani ba, 'yan Sabon Rai da suka yi wa'azin asuba sun bar wayar babbar lasifikar nan ta kan rufi a jone, wadda in iska na kaɗawa daidai har bakin titi ake ji.

Da ladabi na fara, iyayena dattawa ina gaisuwa, na zo ne da 'yar ƙaramar magana. Amma kun san makirfo akwai wani abu a cikinsa, in ka ji muryarka ta cika ɗaki sai ka ji kamar kai ne babban baƙo. Minti biyar sai gani ina zagaye mumbari ina nuna benci da yatsa. Nace Baba Ma'aji, kai da ko naira goma ta faɗi ƙarƙashin benci sai ka sa ni na kwanta na ciro, biyar ɗina da ka ajiye a sama a turo min ta POS. Na kwaikwayi muryarsa har da ɗan tarin da yake yi kafin yace babu kuɗi. Nace dattijon da yake barci a benci na uku tun daga karatun farko har albarka, ni nake goge yawunsa ranar Litinin, kuma ba'a saka wannan a takardar aikina ba. Na kawo 1 Timoti 5:18, nace an hana a sa wa takarkari takunkumi yana sussuka, toh ni takarkarin nan shekara tara da takunkumi har ya zama min gemu. Nace a yi min adalci ko da rabin na janareto ne. Daɗi ya kwashe ni na ɗaga hannu nace in kun yarda ku ce amin.

Jama'a sai na ji amin daga waje. Ba mutum ɗaya ba.

Na leƙa taga, ga 'yan keke sun faka sun kashe inji, ga mai shayin ƙofar coci, bawan Allah musulmi ne amma shi ya fi kowa ɗaga murya, ga matan zumunta da na ɗauka sun tafi ashe suna gindin mangwaro suna lissafin kuɗin anko, Mama na tsakiyarsu ta rufe baki da gyale kafaɗunta na rawa. Waya ta yi ƙara a aljihuna, uwargida ce, tace Baban yara ci gaba muna jinka, ka manta maganar bayi.

Daren nan ban runtsa ba. Da safe ni na jera kujerun da za'a zauna a yi min shari'a, ni aka aika sayen lemo da biskit na mitin, dubu tara da ɗari biyar, na riƙe rasit ina kallonsa kamar takardar asibiti. Dattawa suka shigo kowa fuska a ɗaure, na benci na uku ko amsa gaisuwata bai yi ba, kuma ranar idonsa biyu tar daga farko har ƙarshe. Baba Pasto yace ɗana yi bayaninka. Ma'aji ya yi ɗan tarin nan nasa, sai wani dattijo ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, yace Baba a bar yaron nan, bayani ai mun ji jiya, ni ina wanka na ji nawa.

Aka ce in fita. Awa biyu ina zaune kusa da abokina janareto. Da aka kira ni Sakatare ya karanta hukunci, wai bayan addu'a da dogon nazari an ƙara min dubu biyar. Wato na kai dubu 30, albashin 2019 ya iso ni bayan shekara biyar da wani abu, biyar ɗin da aka ajiye a sama ta sauko ko riba babu. Sai dai a watan farko za'a cire kuɗin lita biyu na man da na ƙona ina wa'azi ba izini. Ma'aji ya tuna min cewa zakkata ma ta tashi daga 2,500 zuwa 3,000, kuma akwai alkawarin ginin katanga da kowane ma'aikaci zai sa hannu. Sannan tunda Allah ya bayyana baiwar da ke cikina, daga yanzu ni zan riƙa kiran mutane addu'ar safe a lasifika. Wannan hidima ce, ba'a biya.

Ranar Lahadi Sakatare ya sa a sanarwa, yace ikilisiya ta ƙara wa ɗan'uwanmu albashi, bai faɗi nawa ba, aka yi tafi har da guɗa. Kafin in kulle ƙofa mai shayi yana tsaye da littafin bashi yana min barka da arziki. Ƙanin uwargida ya kira daga Kafanchan wai kuɗin jarrabawa. Da daddare maigidan haya, wanda shi ma ɗan cocinmu ne kuma shi ya fi kowa tafi, ya ƙwanƙwasa ƙofa yace ya taya ni murna, daga sabuwar shekara ɗaki ya ƙaru da dubu ashirin.

Bayan ya fita na zauna da biro ina lissafi a bayan ambulan ɗin baiko, uwargida ta leƙo ta kan kafaɗata ta duba ta yi shiru. Can tace Baban yara, wayar lasifikar nan har yanzu tana jone? Nace eh, ai yanzu ni ke riƙe da ita. Tace toh ranar Juma'a ka yi na maigidan haya, man ni zan saya.