Kujerar ake gaisarwa, ko mai ita?

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar tarayya ta 2022 ta kai malaman makaranta 65 ko 40, farfesoshi kuma, a wata dokar daban, sai 70. Kowa ya san ranarsa, amma lissafin fansho kawai ake yi. Ba a lissafa Litinin ɗin farko da babu direba a ƙofar gida, waya kuma ta yi tsit.

A ganina wanda kujera ta yi wa suna ya fi jin jiki. Nas da hedimasta da injiniya da sana'arsu suke tafiya. Unguwa ba za ta daina kawo wa nas yaro mai zazzaɓi ba. Darakta kuwa ikonsa sa hannu ne a fayil, fayil kuma ya koma teburin wani. A wajen ɗaurin aure ana ce masa "ranka ya daɗe", amma ba a tanadar masa darduma ta gaba.

Daga nan ɓarna ke farawa. Wani ya dinga leƙa tsohon ofis har yaransa su fara ɓuya. Wani ya mayar da gida ma'aikata, yana tuhumar Hajiya yadda gishiri ya ƙare, alhali shekara talatin ita ke riƙe da gidan. Wani kuma ya zuba giratuti duka a kaji 2,000, ba don ya iya kiwo ba, sai don ya samu amsar "yanzu me ake yi, Alhaji?" Tsadar abinci da annoba ɗaya sun isa su kwashe jarin.

Shirin yana farawa saura shekara biyu. In kiwo ne, a gwada da kaji 100 tun albashi na shigowa. A karɓi aikin da ba ya buƙatar muƙami, kamar ajiyar kuɗin masallaci, kwamitin Islamiyya ko sulhun unguwa, wanda zai sa a fita ƙarfe tara ana jiran mutum. A kuma daidaita ranar haihuwa a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) da BVN (lambar shaidar banki) da fayil ɗin aiki tun ana ofis, don saɓanin wata ɗaya kan tsayar da biyan haƙƙi, sai ga tsohon Darakta a kan benci yana jiran akawun da shi ya ɗauka aiki.