"Ɗiyar wa ce ke?"

Ranar Lahadi 'yata ta karɓi waya ta gaida kawunta na Kano, ta ce masa in ta girma alƙaliya za ta zama. Ya fashe da dariya, ya ce, "Allah Ya sa, amma ɗiyar wa ce ke?" Na san wasa yake yi, amma maganar ta hana ni barci.

Malamarsu ce ta jawo, da ta ba su aikin gida kan Zahid Quraishi, Musulmi na farko da ya zama cikakken alƙalin kotun tarayya a Amurka, a nan jiharmu New Jersey. Iyayensa daga Pakistan suka zo. A ƙasar nan ba a faɗa wa karatun lauya daga sakandare. Sai ka yi digirin shekara huɗu, ka ƙara uku a makarantar lauyoyi, sannan ka ci jarrabawar jiha. Shi ya gama kwalejin John Jay a 1997, ya gama Rutgers da ke Newark a 2000. Ya yi lauyan soja har aka tura shi Iraƙi sau biyu, ya yi mai gabatar da ƙara, ya zama majistare a 2019. Da Biden ya miƙa sunansa a 2021, sai da ya cike doguwar takarda ta duk aikin da ya taɓa yi, aka sa ta a intanet, ya zauna gaban sanatoci suna tsare shi da tambayoyi kowa na kallo. Ƙuri'a 81 da 16 ya wuce.

Ban ce nan aljanna ba ce. Siyasa ce tsagwaronta, kuma akwai Musulmin da zuwansa Iraƙi bai yi musu daɗi ba. Mu ma ai mun yi Aloma Mukhtar, wadda ta taso daga babbar kotun Kano har ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. Amma ku faɗi gaskiya, in NJC, hukumar da ke tantance alƙalai a Najeriya, ta fitar da sunaye, me muke fara dubawa in ba sunan uba ba?

Abin da ya fi ci min rai ma, yarinyar ba ta gane wasan ba. Ta juyo ta tambaye ni da Turanci me kawu ya ce. Na ce mata addu'a ya yi mata.